Ya Dawo Daga Hannun 'Yan Bindiga, Amma Kamar Ba Shi Aka Sako Ba

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Gusau, shekararmu goma sha ɗaya da aure, ɗiyanmu huɗu. Maigidana ɗan kasuwar hatsi ne. Bara 'yan bindiga suka tare motarsu a hanyar Dansadau suka shige da su daji. Ya yi kusan wata biyu a hannunsu, sai da aka sayar da gonar gado da shanu aka haɗa kuɗin fansa. Mun yi murna, mun yi sadaka. To Anti, yau wata tara ke nan, mutumin da aka sako mini kamar ba shi aka ɗauka ba. Ba ya barci, sai ya jingina da bango yana fuskantar ƙofa har asuba, in ya samu ya runtsa ya farka da ihu, jiƙe da zufa. Babura biyu suka shigo lungunmu tare sai ya miƙe zumbur. Rannan yaronmu ɗan shekara bakwai ya yar da faranti a bayansa, ya juyo ya kwaɗa masa mari har ya faɗi, mutumin da bai taɓa ɗaga wa yaro hannu ba. Daga nan ya shige ɗaki yana kuka. Wani lokacin kuma sai ya yi jugum kamar gunki, ana magana ba ya ji. Ranar sunan jaririyarmu ko murmushi bai yi ba. Yanzu yana sayen wasu ƙwayoyi a kemis don ya samu barci. Innarsa ta ce iskokin daji ne suka biyo shi, an yi ruƙiyya, an sha rubutu. Wansa ya ce ƙarancin tawakkali ne. Iyayena sun ce in kwaso yara in dawo gida. Anti, ya daina son mu ne? Ko haukacewa zai yi? Mi zan yi?

Uwar yara, Gusau

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba maigidanki lafiya, ya mayar muku da abin da aka rasa, ya kuma kuɓutar da waɗanda ke can har yanzu.

Bai daina son ku ba. Wanda ya daina son ɗansa ba ya shiga ɗaki yana kuka don ya mare shi. Kuma abin da kika zayyana ba hauka ba ne. Likita ne zai tabbatar bayan ya zauna da shi, amma rashin barcin nan, da mugun mafarki, da zabura, da fushin da ke zuwa ba sallama, da mutuwar zuciya ranar farin ciki, in suka haɗu a kan wanda ya ga mutuwa da idonsa, suka kuma wuce wata guda, likitoci sun san su sarai. Ciwon firgici ne da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, a asibiti za ki ji ana ce masa PTSD. Tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da shi kundin cututtuka, bayan sun sha fama da sojojinsu da suka dawo daga yaƙin Biyetnam suna irin abin da mijinki ke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 4 cikin 100 a duniya sun taɓa yin wannan ciwo. Wani ƙiyasinta na 2019 ya nuna a wuraren da ake rikici, mutum ɗaya cikin biyar na ɗauke da wata matsalar ƙwaƙwalwa, ko wannan ko ciwon damuwa ko makamantansu. Ki lissafa gidajen da abin ya shafa daga Tsafe zuwa Shinkafi, daga Anka zuwa Zurmi, za ki san akwai mata da yawa da ke kwana da irin tambayarki, bakinsu ne kawai a rufe.

Ina so ki san abin da ke gudana a cikin kansa, domin in kin san shi, rabin zafin da kike ji na cewa da gangan yake yi zai ragu.

A can tsakiyar ƙwaƙwalwa, wajen saitin kunnuwa, akwai wasu 'yan ƙulli guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne bai fi babbar ƙwayar gyaɗa ba sosai. Sunansu amigdala. Aikinsu hango haɗari, kuma ba sa jiran shawara. Abin da ido ya gani ko kunne ya ji yana da gajeriyar hanya da yake bi ya isa gare su kafin mutum ya tantance mene ne. Shi ya sa za ki ga igiya a tsakar gida da magariba ki daka tsalle, sai kin dira sannan ki gane ba maciji ba ne. Da amigdala ta motsa, wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda sai su saki sinadarin adirinalin cikin jini. Zuciya ta shiga dakan uku-uku, baki ya bushe, ciki ya ɗaure, jini ya kwarara zuwa hannu da ƙafa. Jiki ya shirya wa gudu ko kokawa, ko kuma ya sandare.

Daga gaba, daidai bayan goshi, akwai sashen da ke auna abubuwa. Shi ne yake cewa: kwantar da hankali, faranti ne, yaronka ne. Yana da jijiyoyin da ke sauka kai tsaye su lafar da amigdala. Misalinsu kamar doki ne da mahayinsa. Dokin da aka taɓa harba bindiga kusa da kunnensa, ko leda ce iska ta ɗaga sai ya zabura, kuma in linzami ya yi sako-sako a hannun mahayi, kafin ya ja shi an riga an tattake wani. Hoton ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo abin da yake nunawa ke nan a bincike da dama: amigdala na wuce gona da iri, sashen goshi kuma aikinsa ya yi rauni a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ranar farantin nan, hannun mijinki ya riga tunaninsa. Kukan da ya biyo baya lokacin ne tunanin ya iso ya tarar da abin da aka yi.

Ki tuna kuma inda jikinsa ya koyi wannan. A dajin nan, kamar yadda waɗanda suka fito ke ba da labari, ƙarar babura na nufin an kawo wasu ko an zo tafiya da wani. Motsi a bayanka na nufin duka. Ana iya dukan mutum ana waya da danginsa don su ji ihunsa su gaggauta kuɗi. Wata biyu jikinsa na koyon cewa wanda ya yi barci mai nauyi ko ya makara wajen zabura ya shiga uku. Darasin ya zauna daram, kuma babu wanda ya sanar da amigdala cewa an biya fansa.

Wanda ya kamata ya sanar da ita wani sashe ne maƙwabcinta, hifokamfas. Shi ke ajiye abin da ya faru tare da lokacinsa da wurinsa, ya ce wancan bara ne, a daji ne, ya wuce. Tsananin firgici na dagula masa aiki. Sai abin ya ajiyu gutsure-gutsure, ba kwanan wata: wari, sauti, wata murya. Warin hayaƙin itace ko ƙarar waya daga baƙuwar lamba na iya buɗe shi, kuma in ya buɗu ba ya zuwa a matsayin tuna baya, zuwa yake kamar yanzu ake yi. Idan kika gan shi idonsa a buɗe amma kamar ba ke yake kallo ba, wataƙila can yake.

A 1996 wani likita mai suna Scott Rauch da abokan aikinsa a Boston suka ɗauki mutum takwas masu wannan ciwo, suka kunna wa kowa labarin abin da ya same shi yana kwance cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Sassan tsoro suka ɗau zafi, sashen da ke haɗa magana a ɓangaren hagu kuma aikinsa ya ragu. Na kawo miki wannan ne saboda abin da muke yi wa mutanenmu da sunan zumunci. Mutum ya fito, gida ya cika da 'yan barka da arziki, kowa ya zauna sai ya ce, "To ya aka yi? Me suke ba ku ku ci? An kashe wani a gabanka? Nawa aka biya?" Ana tono shi sau goma a yini, a gaban jama'a, sannan a tashi a bar shi da abin da aka tayar. Ke dai kada ki bi sahunsu. In ya ce ba zai iya faɗa ba, gaskiyarsa ce. Ki ce masa, "Duk ranar da ka so magana ina nan," ki tsaya a nan.

Jugum ɗin da yake yi shi ma daga tushe ɗaya yake. Wata likita a Kanada, Ruth Lanius, ta nuna cewa wasu masu ciwon in aka tuna musu, maimakon su zabura sai akasin haka ya faru: ƙwaƙwalwa ta danne ji gaba ɗaya, mutum ya zama kamar yana kallon kansa daga nesa. Mutum ɗaya na iya yin wannan yau, gobe ya yi wancan. A daji wannan rahama ce, da ita ake jure abin da ba ya jurewa. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa ba ta iya zaɓe, in ta rufe ƙofar tsoro sai ta haɗa da ta daɗi. Ranar suna ba ƙin 'yarsa ya yi ba. Ina kyautata zaton shi kansa ya fi ki tsorata da ya duba zuciyarsa bai samu komai ba, kuma ba zai iya gaya wa kowa ba.

Rashin barci kuma ƙara wa wutar fetur yake. A wani gwaji da masu bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da ta Harvard suka buga a 2007, lafiyayyun matasa da aka hana barcin dare guda, amigdalarsu ta fi ta waɗanda suka yi barci zabura da kusan kashi 60 cikin 100 in an nuna musu hotuna masu tayar da hankali, haɗinta da sashen goshi kuma ya raunana. Dare guda ke nan. Na mijinki wata tara.

Kada wannan bayani ya sa ki ɗauka ƙwaƙwalwarsa ta lalace, ko ki je ki kashe abin da ya rage muku wajen ɗaukar hoton kai. Waɗannan bambance-bambance ana ganinsu ne in an kwatanta taron mutane da wani taron, ba a gane ciwon mutum ɗaya da hoto. Da tambayoyi ake gane shi. Kuma yadda ƙwaƙwalwa ta koyi tsoro, haka take iya koyon aminci a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 40 cikin 100 na masu ciwon na warwarewa cikin shekara guda. Na mijinki da ya kai wata tara yana ƙara tsanani, har hannu ya fara tashi, ya wuce a zuba masa ido.

Maganar Inna, kada ki yi jayayya da ita. Uwa ce, da abin da ta sani take yaƙi. A ci gaba da addu'a da karatu, ba su hana zuwa asibiti. Ki lallaɓa ki tuna mata hadisin da ta sani, cewa Allah bai saukar da cuta ba sai ya saukar da maganinta. Abu ɗaya ne ba zan yarda da shi ba: duk mai maganin da zai ce a ɗaure shi, ko a yi masa bulala, ko a kulle shi a ɗaki da hayaƙi. Mutumin da aka ɗaure a daji, in aka sake ɗaure shi da sunan magani, an mayar da shi can ne. Yayansa kuwa, da girmansa, ya yi kuskure. A cikin Suratul Ahzab Allah ya siffanta Sahabbai ranar da rundunoni suka kewaye Madina, ya ce idanu sun karkata, zukata sun kai maƙogwaro. Su ne mafifitan al'umma, jikinsu bai fasa jin tsoro ba. Mijinki na ɗauke da nauyin cewa an sayar da gonar gado saboda shi. In aka ɗora masa cewa imaninsa ma ya gaza, ƙara masa dalilin ɓuya aka yi.

Yanzu marin. Na fahimtar da ke dalilinsa, amma dalili ba izini ba ne, kuma yaron bai san amigdala ba, ya san Baba ya mare shi har ƙasa. Ki zaunar da shi ki ce, "Ba laifinka ba ne. Baba ba shi da lafiya tun da ya dawo, ƙara na firgita shi, ana neman masa magani." Yara in ba a ba su bayani ba, kansu suke ɗora wa laifi. Sannan ki samu lokacin da maigida ke cikin natsuwa, ba lokacin da abin ya taso ba, ki ce masa kin san ba halinsa ba ne, amma ba zai sake faruwa ba. Ku yi yarjejeniya: da ya ji alamar tasowarsa, bugun zuciya ko zafin kai ko cije haƙora, ya fita zaure ko ƙofar gida ba tare da ya nemi izinin kowa ba, ke kuma ba za ki bi shi da magana ba. In ya iya, ya ba yaron haƙuri da bakinsa. Mazanmu na ganin wannan ƙasƙanci ne, amma zai sauke wa su biyun kaya.

A gida, ku daina zuwa masa ta baya, a yi gyaran murya ko sallama daga nesa. In yana mafarki kada ki girgiza shi, ki ja baya ki kira sunan da kike kiransa, ki kunna fitila, ki gaya masa, "Gida kake, Gusau, ni ce, yara na barci." Da wannan kina yi wa hifokamfas aikinsa ne. Ya riƙa jan numfashi a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, domin doguwar fitar da numfashi na rage gudun zuciya. Ruwan sanyi a fuska ma haka yake yi, don haka abin da aka koya mana tun muna yara, cewa mai fushi ya zauna ya yi alwala, yana da gurbi a nan. Bidiyon gawarwaki da muryoyin 'yan bindiga da ake turawa a WhatsApp, a raba shi da su. Shayi mai kauri da goro bayan la'asar a rage. In yana son kwana yana fuskantar ƙofa, ki juya masa katifar, wannan ba abin faɗa ba ne.

Ƙwayoyin nan sun fi komai tayar mini da hankali. Ki duba kwalin. In diyazefam ne, wanda ake ce wa baliyam ko D5, ki sani likitoci ba su yarda da shi a matsayin maganin wannan ciwo ba. Yana kwantar da mutum na dare, amma yana kama jiki, yana kuma hana ƙwaƙwalwa koyon abin da take bukatar koya don ta warke. In taramol ne, shi ma kama jiki yake, kuma yana iya jawo farfaɗiya. Duk da haka kada ki kwashe ki zubar. Wanda ya daɗe yana shan diyazefam in ya yanke farat ɗaya zai iya faɗuwa yana jijjiga. Likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Ta yaya za a kai shi? Kada ki ambaci ƙwaƙwalwa da farko, da ya ji zai ce kin mayar da shi mahaukaci. Ki shiga ta ƙofar barci: "Mu je a duba rashin barcin nan da bugun zuciya." Ba ƙarya kika yi ba. In akwai wanda yake jin maganarsa, aminin kasuwa ko limamin unguwa, shi ya raka shi. Ku fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau ko Asibitin Yariman Bakura, ku yanki kati, ku faɗi komai, ku nemi a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa. In an tura ku Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, kada sunan ya firgita ku, mafi yawan masu zuwa ganin likita suke su koma gida a ranar. Tun Janairun 2023 ma Najeriya na da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙin a mutunta shi.

Maganin da ya fi aiki na zama ne da ƙwararre. A wuri mai aminci, da yardarsa, ana bi da shi ta cikin abin da ya faru daki-daki, ana maimaitawa, har jikinsa ya gane cewa tunawa ba ta kisa, labarin kuma ya samu farko da ƙarshe. Bambancinsa da tonon 'yan barka shi ne akwai tsari, kuma ba a barinsa a tsakiya. Kada ki ce wannan sai Turawa. A wani ƙaramin gwaji da aka buga a 2004 kan 'yan gudun hijirar Sudan 43 a Yuganda, waɗanda aka yi wa zama huɗu na irin wannan ba da labari, bayan shekara kashi 29 cikin 100 ne kawai ke da ciwon, sauran da aka yi wa nasiha ko bayani kawai kuwa kusan kashi 80. Likita na iya haɗa masa da ƙwaya irin su satralin ko fuluwozetin. Waɗannan ba sa aiki a rana ɗaya, sai an yi makonni huɗu zuwa shida ake ganin tasirinsu, kuma a nan mutanenmu ke yar da su su ce ba su ji komai ba. A gaya wa likita in yana shan taramol, domin haɗa shi da waɗannan na da haɗari.

Batun komawa gida: a yadda kika ba ni labari, mari ɗaya ne, da nadama a bayansa, ban ga dalilin yaji ba. Amma iyayenki ba mugunta suke nufi ba, kuma kada ki rufe ƙofarsu. In duka ya maimaitu, ko ya kai gare ki, ko ya fara kwana da adda ko bindiga kusa da inda yara ke barci, ki kai su gidanku da sanin manya har a fara magani, kuma ki gaya masa ƙarara cewa ba guduwa kika yi ba. In kuwa kika ji yana cewa da ma can suka kashe shi, ko ya zame muku kaya, ko ya fara rabon kayansa, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta jefa wa mutum tunanin. In ya amsa, ko ya yi shiru mai nauyi, a kawar da maganin ƙwari da fiya-fiya da makami daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti a ranar.

Ke ma ki gaya wa likitan taki damuwar. Ke ce kika riƙe wayar wata biyu kina jin abin da kika ji, da ciki a jikinki, yanzu ga jego ga gadin dare. Ki samu ƙanwa ko wata cikin dangi ta zo ta kama miki yara ko da kwana biyu a mako ki yi barci. Kafin ranar asibiti ki rubuta a takarda awa nawa yake barci, me ke tayar masa da abin, sau nawa a mako, domin a gaban likita zai ce lafiya lau yake. Ki sa kwalin ƙwayar a jaka ki tafi da shi.